A ba jiragen yaƙi marasa rufi nasu fagen a wasannin intanet

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da wasu masu karatu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato wasannin tuƙa jiragen yaƙi da ake yi ta intanet. Ina cikin masu yin su, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne a cikin masu karanta wannan shafi. Ga wanda bai san su ba, mutum ne zai zauna gaban kwamfuta da sandar tuƙi a hannu, ya shiga fage ɗaya da mutane daga ƙasashe daban-daban, kowa da jirginsa, a rabu gida biyu a gwabza. Waɗanda suka amsa sunansu a cikin wasannin nan sun wuce harbe-harben yara. Masu ƙera su takardun gwajin jiragen na asali suke bi, har nauyin mai da zafin inji sai sun lissafa. Ka matsa wa inji fiye da kima ya ƙone, ka fizgi sanda da ganganci jirgi ya kife da kai.

Kokena shi ne, akwai shekara ashirin cur na tarihin jiragen yaƙi da ake tsallakewa kamar ba a yi su ba, daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 zuwa farkon na Biyu a 1939. Mai son yaƙin farko yana da wasannin Rise of Flight da Flying Circus. Mai son na biyu kuwa sai ya zaɓa ya darje. Gaskiya a faɗe ta, jiragen tsakanin yaƙoƙin biyu ba su ɓace gaba ɗaya ba: War Thunder na fara wa sabon ɗan wasa da irin su He 51 da I-15 da P-26 da Fury, tsohon IL-2 Sturmovik: 1946 yana da I-153 da CR.42 da P.11, DCS World ma akwai I-16 a ciki. To amma a mafi yawan lokuta ɗayan biyu ake yi musu. Ko dai a mai da su matakalar farko da kowa ke sauri ya taka ya wuce, ko kuma a jefa su fage ɗaya da jiragen da suka sha gabansu da shekara goma a fasaha, su zama abin koyon saiti. Jirgin da gudunsa bai kai kilomita 400 a awa ba, ka haɗa shi da Mustang na Amurka mai kilomita 700, me kake so ya yi? Karen bana shi ke maganin zomon bana. Abin da nake nema shi ne a dawo wa jiragen nan da zamaninsu, da taswirarsu, da abokan karawarsu na gaskiya.

Nakan ji wasu 'yan wasa na cewa ai duk jirgi mai fukafukai hawa biyu ɗaya ne, in shi kake so koma wa Sopwith Camel, jirgin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Maganar wanda bai duba lissafi ba ce. Camel na 1917 injinsa ƙarfin doki 130 ne, gudunsa bai kai kilomita 190 a awa ba. Hawker Fury da ya fara aiki a rundunar sojan saman Birtaniya a 1931 ya haura kilomita 330, kuma shi ne jirgin yaƙinsu na farko da ya wuce mil 200 a awa. Fiat CR.42 na Italiya da ya fara aiki a 1939 injinsa doki 840 ne, yana kusan kilomita 440. A ido kamanninsu ɗaya, ga wayoyi tsakanin fukafukai, ga tayoyi a waje, ga matuƙi kansa a sarari da hular fata da tabarau. Amma ƙarfin inji ya ninka fiye da sau shida, alhali makami na nan kusan inda aka bar shi: mashinga biyu a hancin jirgi, masu harbi ta tsakanin farfela. Inji ya yi gaba, bindiga ta tsaya a baya. Nan daɗin faɗan wannan zamani yake. Jirgi na da ƙarfin da zai miƙe sama ya juyo yadda matuƙin 1917 bai taɓa mafarki ba, amma kafin ka kakkaɓo abokin karawarka sai ka matso shi kamar mita ɗari, ka manne a bayansa, ka yi ta zuba masa ƙananan harsasai har Allah Ya sa ɗaya ya sami inji ko tanki. Babu wani danna maɓalli sau ɗaya jirgi ya tarwatse.

Akwai kuma wani abu da masu tuƙa jiragen bama-bamai a wasannin nan ya kamata su goya min baya a kai. Su ne 'yan wahala a kowane fage, sun tashi da nauyi, sun yi tafiyar minti ashirin, wani ya faɗo daga sama ya gama da su cikin daƙiƙa uku. A farkon shekarun 1930 abin ba haka yake ba. Martin B-10 na Amurka ya fi yawancin jiragen da aka ƙera domin tare shi gudu. A watan Nuwamba na 1932 ne ɗan siyasa Stanley Baldwin ya shaida wa majalisar Birtaniya cewa jirgin bama-bamai ko ta ƙaƙa sai ya wuce, kuma a lokacin ba a ɗauki maganar shirme ba. Da Tupolev SB na Tarayyar Sobiyet ya bayyana a Sifaniya a ƙarshen 1936, jiragen Jamus da Italiya sun kasa cim masa a miƙe. Sai dai su hau can sama su yi kwanton ɓauna, in ya zo su sulmiyo masa, dama ɗaya tak, in ta kuɓuce shi ke nan. Ni ban san wani zamani dabam da zai ba ɗan wasa irin wannan juyin waina ba.

Tunda na ambaci Sifaniya, bari in tsaya a kanta, domin a ganina nan ya kamata a fara. Yaƙin basasarta ya ɓarke a watan Yuli na 1936. Jamus ta aika wa ɓangaren Janar Franco da Heinkel He 51, Italiya ta aika da Fiat CR.32, suka yi ta cin karensu babu babbaka a kan tsofaffin jiragen gwamnati irin su Nieuport-Delage 52. A watan Nuwamba sai ga Polikarpov I-15 da I-16 daga Tarayyar Sobiyet a sararin samaniyar Madrid, labari ya sha bamban. He 51 ya kasa, ba ya juyi kamar I-15, ba ya gudu kamar I-16, har aka cire shi daga faɗan sama aka mai da shi kai farmaki a ƙasa. Adolf Galland, wanda daga baya ya shugabanci jiragen faɗa na Jamus, a kan He 51 ya yi zamansa na Sifaniya yana wannan aiki. CR.32 kuwa ya tsaya da ƙafarsa. Jirgi ne mai ƙwari, yana jure sulmiyowa da gudu, bindigoginsa masu milimita 12.7 sun fi na abokan karawarsa nauyi, kuma a kansa Joaquín García Morato, matuƙin ɓangaren Franco, ya kakkaɓo mafi yawan jirage 40 da aka lissafa masa. Shi I-15 ba a ja da shi a kewaye. I-16 kuma sabon abu ne gaba ɗaya, fukafuki hawa ɗaya, tayoyi masu naɗewa, ya ɗara su duka gudu nesa ba kusa ba, amma ga shi da wuyar sha'ani, kuskure kaɗan zai murɗe da matuƙi. A 1937 Messerschmitt Bf 109 na Jamus ya iso, kuma a can ne matuƙin Jamus Werner Mölders ya inganta tsarin tashi bibbiyu a warwatse maimakon uku-uku a cunkushe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne darasin da kowace ƙasa ta kwasa ta tafi gida da shi. Yaƙi ɗaya suka gani, sama ɗaya, amma Italiya ta ce ai CR.32 ya nuna mai fukafukai biyu na da sauran rai, ta sa aka ƙera CR.42, har aka yi kusan 1,800. Sobiyet ta ce a haɗa biyun, mai gudu ya tare, mai juyi ya ƙarasa, ta fitar da I-153, mai fukafukai biyu amma tayoyinsa na naɗewa. Jamus ta ce gudu da tsawo su ne komai, ta rungumi Bf 109. Ƙwararrun injiniyoyi da janar-janar ne suka yi wannan saɓani, ba 'yan koyo ba. Mu yau mun san Jamus ce ta yi daidai domin mun ga yaƙin 1940, su kuwa a 1937 ba su sani ba, kuma hujjojin da ke gabansu ba su nuna hanya ɗaya ba. Wasan da ya kwaikwayi jiragen nan da gaskiya zai mayar da mutum cikin wannan gardama da hannunsa a kan sanda. Ka hau I-16 ka ga ko za ka iya danne zuciyarka ka ƙi shiga kewaye da Fiat. Yawancinmu ba ma iyawa, jini na hawa sai mu karkata fiffike mu bi shi, mu zubar da gudun da shi ne kawai jarinmu.

Batun rashin rufin kansa ma akwai abin dubawa. Mutane na ɗauka rashin ci gaba ne ya bar matuƙi kansa a waje. A wasu lokuta matuƙan ne da kansu suka ƙi rufin. I-16 na farko-farko da murfin gilashi mai zamewa ya fito, amma gilashin ba shi da kyau, yakan kuma cije, matuƙa suka riƙa barinsa a buɗe, har aka cire shi daga samfuran baya. Kamfanin Mitsubishi ya sa wa wani samfurin A5M rufi, matuƙan sojan ruwan Japan suka ce ba sa so, aka koma buɗaɗɗe. Fiat G.50 ma haka ta faru da shi. Dalilinsu ɗaya ne: a saman da babu rada, rediyo kuma ko babu shi ko ba ya aiki, ido ne rayuwa, wanda ya fara gani shi ke da rinjaye. To yanzu da 'yan wasa da yawa ke da na'urar bin motsin kai, wasu har da tabaran nan da ke shigar da mutum cikin wasan kacokan, babu jirgin da ya fi marar rufi dacewa da su. Ka leƙa ta gefe ka ga tayarka, ka miƙa wuya ka duba ƙarƙashin fiffike, ka waiwaya ka ga jela babu ƙarfen da ya tare ka. Sannan ga fiffiken sama ya rufe maka daidai inda maƙiyi zai faɗo, dole ka riƙa karkata jirgi kana dubawa.

Bayan Sifaniya akwai gabas. A ranar 14 ga Agusta 1937, Gao Zhihang ya jagoranci jiragen Curtiss Hawk III na ƙasar Sin suka tare jiragen bama-baman Japan a Hangzhou. A saman Sin na waɗannan watanni akwai Boeing 281, wato P-26 da aka sayar wa ƙasashen waje, akwai A5M na Jiro Horikoshi, wanda daga baya ya zana jirgin Zero na Japan, sannan ga I-15 da I-16 tare da matuƙan Sobiyet da suka zo taimako, aka yi ta fafatawa a kan Wuhan a 1938. Sai Khalkhin Gol, a kan iyakar Mongoliya da Manchuria, daga Mayu zuwa Satumba 1939, inda Nakajima Ki-27 na Japan ya kara da I-153 da I-16 na Sobiyet, wani lokaci jirage fiye da ɗari a sama lokaci guda. Ga masu ƙera wasa wannan ita ce taswira mafi sauƙi a duniya, fili ne fetal na ciyawa da kogi ɗaya, babu manyan biranen da za a shekara ana zanawa. Ko yaƙin Chaco tsakanin Bolibiya da Paraguay, daga 1932 zuwa 1935, yana da nasa Curtiss Hawk da Potez 25, ko da yake ban ce a fara da shi ba.

Sharaɗina ɗaya ne, in za a yi a yi da gaskiya. Kada a kawo mana jirgin 1936 da gatan 1944. A bar masa farfelarsa wadda ba a canza mata kusurwa a sama, mutum ya riƙa sassauta wuta in zai sulmiyo don kada inji ya zarce. A bar masa saitinsa na da, zobe da ɗan tsinke a kan hanci, ko dogon bututun nan da in ka sa ido a ciki ba ka ganin komai a gefe. Bindiga ta riƙa cijewa, a sa hannu a ja ta. Tayoyin I-16 da hannu ake naɗe su, juyi 44 na wani mariƙi a gefen dama, matuƙi ya koma riƙe sanda da hagu, shi ya sa ake ganin jirgin na tangaɗi bayan tashi. Ina so in ga wannan tangaɗin a wasa. Sauka ma ta zama aiki, domin jirgin da tayar baya ko ɗan ƙarfe ke jansa, ka yi sake ya juya da kai a fili kamar an murɗa shi. A cire alamun nan masu launi da ke rataye a kan kowane jirgi suna faɗa maka sunansa da nisansa. Na san ba za a hana mutane magana da juna ta wata manhaja a gefe ba, don haka rashin rediyo ba zai kwaikwayu yadda ya kamata ba, amma aƙalla kada wasan da kansa ya riƙa nuna maka inda maƙiyi yake. Sanyi ne kawai na rasa yadda za a yi da shi. Matuƙan CR.42 da Italiya ta tura Belgium su yaƙi Ingila a Nuwamba 1940 sun ɗanɗana kuɗarsu a buɗaɗɗen mazauni, kuma babu kwamfutar da za ta sandarar wa mutum da yatsu.

Masu adawa na da hujjojinsu, kuma ba na raina su. Babba ita ce 'yan wasan irin wannan ba su da yawa, in aka ƙara fage za a ƙara raba su, kowane fage ya zama kufai. Wannan gaskiya ne in aka buɗe fagen dare da rana aka bar shi. Amma ai ƙungiyoyin 'yan wasa sun daɗe suna shirya gangami na musamman, a sa rana, a raba ɓangarori, a bi wani yaƙi mako bayan mako. Haka za a fara. Ta biyu ita ce wai babu takardun da za a dogara da su. Ga wasu jiragen hakan na iya zama matsala, amma ba duka ba. A shekarun 1990 an farfaɗo da I-16 guda shida da I-153 guda uku domin Sir Tim Wallis na New Zealand, suka tashi. Gloster Gladiator na Birtaniya na tashi a gidan adana jirage na Shuttleworth da ke Ingila, akwai P-26 na asali a na Planes of Fame da ke California, CR.42 ɗin da ya yi saukar dole a gaɓar Suffolk a 1940 yana nan a hannun gidan tarihin sojan saman Birtaniya. Akwai matuƙa a raye da suka tuƙa irin waɗannan jirage, ana iya tambayarsu. Sannan jirgin da ba shi da rada, ba shi da tarin na'urori, allon gabansa agogo kaɗan ne, ba zai ci aikin da jirgin zamani ke ci ba.

Hujjata ta ƙarshe ta lissafi ce, kuma ta shafi duk wanda intanet ɗinsa ke da jinkiri a ko'ina yake. Jirgi mai kilomita 700 a awa na cin kusan mita 194 a daƙiƙa. In saƙonka na jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, jirgin ya matsa kusan mita 39 kafin labari ya iso. Mai kilomita 350 rabin haka zai matsa. Masu ƙera wasa na da dabarun rufe wannan giɓi, amma duk dabara ta fi aiki in giɓin ƙarami ne. Haka sabon shiga: a fagen jirage masu gudu yakan mutu bai ga wanda ya harbe shi ba, ya yi fushi ya tafi. A nan kuwa zai ga abokin karawarsa ƙuru-ƙuru, faɗa ya ɗauki minti biyu ko uku, ko an kayar da shi ya san inda ya yi sake.

Kada a ce na manta abin da jiragen nan suka aikata. He 51 da CR.32 suna cikin jiragen da suka je garin Guernica na Sifaniya ranar 26 ga Afrilu 1937, ranar da aka yi wa mutanen garin ruwan bama-bamai. A Habasha kuwa, daga 1935 zuwa 1936, jiragen Italiya sun yi ruwan bama-bamai da iskar guba a kan mutanen da ba su da rundunar saman da za ta tare su. Ba na neman a mai da irin wannan wasa, kuma shi ya sa ban sa Habasha cikin fagagen da nake so ba, domin can babu karawa, kisa ne kawai. Amma bayanin da ke rakiyar kowane jirgi a cikin wasa ya faɗi inda ya je da abin da ya yi, kada a tsaya a kan kyan fenti.

Da za a tambaye ni ta inda za a fara, cewa zan yi taswira ɗaya ta tsakiyar Sifaniya, daga Madrid zuwa Jarama da Guadalajara, inda aka gwabza a Fabrairu da Maris na 1937. Ɓangare ɗaya a ba shi I-15 da I-16 da SB, ɗayan a ba shi CR.32 da He 51 da Junkers Ju 52. Jirage shida sun isa a fara. Bf 109 ya biyo baya, amma samfurin farko mai farfelar katako da ƙananan bindigogi, kuma a ƙayyade yawansa a fage yadda ya kasance 'yan ƙalilan a wancan lokaci, don kada kowa ya ruga kansa a wayi gari an koma gidan jiya. Ina fatan 'yan'uwana masu wannan wasa da ke karanta jaridar nan za su rubuto su faɗi nasu ra'ayin, musamman waɗanda ke ganin Khalkhin Gol ya fi cancanta a fara da shi, domin suna da hujja.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.